Yadda Za Ka Fara Koyon Rawar Mutum Biyu a Aji Ko da Ba Ka Taɓa Takawa Ba

Rawar mutum biyu, irin wadda ake riƙe hannu ana taku tare, ɗaya na jan gaba ɗaya na bi, ba ta koyuwa a gaban waya kaɗai. Bidiyo zai nuna maka inda ƙafa ke sauka, amma ba zai gaya maka kana murƙushe yatsun abokin rawarka ba, ko kana fizgar sa tun kiɗa bai iso wurin ba. Wannan sai da mutum a gabanka. Shi ya sa ajin taro, inda mutum goma ko ashirin ke koyo lokaci guda a gaban malami, ya fi dacewa da sabon shiga. Cikin awa ɗaya za ka riƙe hannaye iri-iri, na dogo da na gajere, na mai sanyin jiki da na mai garaje, kuma kowannensu zai nuna maka wani abu da malamin ma bai faɗa ba.

Makonnin farko aikinsu uku ne: ka san ƙafar da nauyinka ke kai, ka ji kiɗa, ka iya riƙe mutum ba tare da ka takura masa ba. Salon burgewa da kake gani a intanet duk a kan waɗannan aka ɗora su, kuma za su zo da kansu daga baya.

Da farko, tsayar da rawa guda

Kada ka tashi da niyyar koyon "rawa" haka kawai. Iri-iri ce, kowacce da kiɗanta da jama'arta. Hanya mafi sauƙi ta zaɓe ita ce kunne: wane kiɗa za ka iya saurara kullum har wata uku ba ka ƙosa ba? Domin haka za a yi, za ka ji shi a aji, ka ji shi a gida, har ya riƙa yi maka amo a ka kana kwance.

Salsa tushenta kaɗe-kaɗen Kyuba ne, irin su kiɗan da ake kira "son" da wanda ake kira "mambo", amma a birnin Niyok ta yi suna a shekarun 1960 da 1970, a hannun makaɗa 'yan asalin Kyuba da Puerto Rico. Tana da sauri, tana da yawan juyi, kuma da wuya ka je babban birnin da ake koyar da rawar mutum biyu ka rasa ta. Sai dai ita kanta kashi-kashi ce. Akwai wadda ake jefa ƙafa a bugu na ɗaya, wadda aka fi dangantawa da Los Angeles. Akwai wadda ake jefawa a bugu na biyu, salon Niyok da malamin rawa Eddie Torres ya yaɗa. Akwai kuma ta Kyuba da ake kira kasino, wadda ake yi ana kewaya juna. Tambayi wacce makarantar ke koyarwa, ka tsaya a kanta. Haɗa biyu tun farko ruɗa ƙafa yake yi.

Bachata daga Jamhuriyar Dominika ta fito, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Ba ta kai salsa sauri ba, takunta gefe da gefe ne, kuma a ganina ita ce wadda mutum zai fi saurin jin ya fara rawa da gaske. Wals kuma bugu uku take da shi, ta taso ne daga Ostiriya da kudancin Jamus. Akwai mai tafiyar hankali, wajen bugu 90 a minti, akwai ta birnin Biyana na Ostiriya mai ninka wannan saurin. Da ta hankali ake farawa. Makarantun da ke koyar da wals sukan haɗa ta da fokstirot da rumba da cha-cha a aji ɗaya na masu farawa, wanda ya dace da mutumin da bai riga ya san abin da yake so ba.

Tango ta Ajantina, wadda ta girma a Buenos Aires da Montevideo ta ƙasar Uruguay a ƙarshen ƙarni na 19, tafiya ce kawai a cikin runguma, ba ta da ƙayyadajjen lissafin taku. A ido ita ce mafi sauƙi, a jiki ita ce mafi cin lokaci. Lindi hop ta unguwar Harlem da ke Niyok, wadda ta bunƙasa a zauren Savoy da aka buɗe a 1926, rawar kiɗan jaz ce mai tsalle-tsalle da raha. Kizomba ta Angola ce, a hankali ake yin ta.

Akwai wani abin dubawa da mutane ba su cika faɗa ba: kusanci. Tango da kizomba da wani salon bachata na zamani ana yin su ne ƙirji kusa da ƙirji. Salsa da lindi hop yawancinsu hannu da hannu ne, da tazara a tsakani. Ka san iyakar abin da ranka ya kwanta da shi kafin ka yi rajista.

Nemo ajin da aka buɗe domin irinka

Aji iri biyu ne. Akwai mai jeri, wanda ake farawa tare a rana ɗaya a tafi mako huɗu ko shida ko takwas, darasin yau a kan na makon jiya. Akwai na shiga-ka-fita, wanda kowa ke zuwa ranar da ya ga dama. Mai jeri ya fi maka. A na biyun kana iya faɗawa ranar da ake koyar da juyi biyu a jere alhali ba ka san takun tushe ba, ka koma gida kana cewa rawa ba taka ba ce.

Ka yi hattara da kalmar "masu farawa" a jikin sanarwa. A wasu wuraren wanda ya yi wata shida ma mai farawa ne. Kira ko ka tura saƙo ka ce ƙarara: "Ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, wane aji zan shiga?" Ka haɗa da tambayar ko sai ka zo da abokin rawa, wanda galibi amsar a'a ce, da ko ana canjin abokai a aji, da ko za a bar ka ka kalla ko ka gwada darasi ɗaya kafin ka biya kuɗin dogon zango.

In ka samu damar kallo, kada idonka ya tsaya a kan iya rawar malamin. Dubi ɗaliban da ke can baya. Yana zagayawa ya isa gare su? Yana bayani ga masu bi kamar yadda yake yi wa masu jagora, ko kuwa ya mai da su kayan gwaji? In rabin aji sun ɓace, yana tsayawa ya maimaita ko yana ci gaba da mutum uku na gaba? Gwanin rawa daban, gwanin koyarwa daban, kuma na biyun kake nema. Ka dubi daɓen ma. Na katako ya fi tausaya wa gwiwa, siminti da tayil suna gajiyar da ƙafa.

Takalmi, sannan sauran

Tufafi ba su da wata doka, duk abin da zai bar ka ka ɗaga hannu sama ka kuma yi taku baya ba tare da ya harɗe ka ba ya isa. Takalmi ne abin kula. Kambas mai ƙasan roba yana cafke daɓe, to in ka juya, jikinka zai tafi ƙafar ta tsaya, gwiwa ce za ta sha murɗar. Nemi sau-ciki mai ƙasan fata ko wani abu mai ɗan santsi, wanda ya kama ƙafa sosai. Silifa da duk takalmin da ba ya riƙe diddige a bar su a gida. Mai tsini ma ba dole ba ne, kuma wadda ba ta saba da shi ba kada ta fara ranar aji. Takalman rawa na musamman ƙasansu fata ce mai laushi mai ɗan gashi-gashi, ba a taka titi da su, a jaka ake zuwa da su. Kada ka saya sai ka yi wata guda ka tabbatar za ka zauna.

Sauran shirin na ganin girman mutane ne, tunda za ka tsaya dab da su. Wanka, goge baki, yanke farce, turare kaɗan ba mai hawa kai ba. Mai yawan gumi ya riƙe ƙaramin tawul da rigar canji. Cire babban zobe da agogo mai kaifi da awarwaro, suna kama gashi suna karce hannu. Mai dogon gashi ta ɗaure shi, don a wajen juyi bulala yake zama a fuskar wani. Ɗauki gorar ruwa, ka isa minti goma kafin lokaci.

Jagora ko mai bi

Kafin a fara za a tambaye ka ɓangaren da za ka tsaya. Jagora shi ke zaɓen abin da za a yi da inda za a nufa, ya isar da saƙon ta jiki. Mai bi ita ke karanta saƙon ta cika shi da nata salon. An saba ganin namiji na jagora mace na bi, amma makarantu da yawa yanzu suna barin kowa ya ɗauki wanda yake so. A nan zan riƙa ce wa jagora "shi", mai bi "ita", don kada bayanin ya cakuɗe.

Zaɓi ɗaya ka zauna a kai na 'yan watanni. Kuma ka san cewa wahalar ba lokaci ɗaya take zuwa wa kowa ba. Jagora yakan sha tasa tun farko, domin yana lissafin ƙafarsa, yana sauraron kiɗa, yana tunanin abin da zai biyo baya, yana kuma duban kada su yi karo da wasu. Mai bi takan ji daɗin rawa da wuri, tata wahalar sai daga baya, lokacin da aka zo kan tsayuwa da ƙafa ɗaya a juyi da kuma haƙurin jiran saƙo. Jagoran da ya ga abokan ajinsa mata sun yi masa nisa a mako na uku kada ya karaya, haka tafiyar take.

Nauyi da ƙirga: nan ne aikin yake

Malami zai jera ku a gaban madubi, kowa shi kaɗai, ya ce "biyar, shida, bakwai, takwas", a tashi a kan ɗaya. Kafin ka damu da inda ƙafa za ta, gane wannan: duk taku a rawa ɗora nauyin jiki ne gaba ɗaya a kan ƙafa guda. Tsaya ƙafafu a haɗe, mai da nauyinka kan dama har ka iya ɗaga hagu ba ka yi tangaɗi ba. Hagun nan da ta zama fanko ita ce ke da izinin motsi. Da zarar ta sauka ta karɓi nauyi, izini ya koma dama. Yawancin harɗewar ƙafa daga raba nauyi biyu take zuwa, sai mutum ya tsaya bai san wacce zai ɗaga ba.

Ga takun tushe na wals, wanda ke zana murabba'i a ƙasa. Jagora: ɗaya, hagu gaba, biyu, dama gefe, uku, hagu ta zo ta haɗu da dama ta karɓi nauyi. Huɗu, dama baya; biyar, hagu gefe; shida, dama ta haɗu da hagu ta karɓi nauyi. Mai bi tana yin kishiyarsa, ta fara da dama baya. Yanzu dubi abin da ke faruwa a kusan kowane ajin farko. A bugu na uku jagora ya jawo hagu ya ajiye ta kusa da dama, amma bai hau kanta ba, nauyinsa na nan a dama. Bugu na huɗu ya zo, ƙafar da ke fanko ita ce hagu, sai ya mai da ita baya. Ita kuwa mai bi ta yi daidai, ta kawo hagunta gaba, wurin da damarsa ya kamata ta bari. Damar na nan ba ta gusa ba, sai ta sauka a kan yatsunsa. Ita za ta ce yi haƙuri, shi zai ce ba komai, dukansu su ɗauka laifin bugu na huɗu ne. Tun a na uku aka yi ɓarnar.

Salsa mai tashi a bugu na ɗaya ana ƙirga ta takwas amma taku shida ne. Jagora: ɗaya, hagu gaba, biyu, nauyi ya koma kan dama a inda take, uku, hagu ta dawo, huɗu, a dakata. Biyar, dama baya. Shida, nauyi ya koma hagu. Bakwai, dama ta dawo. Takwas, a dakata. Shi ya sa za ka ji malami na cewa "ɗaya, biyu, uku... biyar, shida, bakwai". Dakatawar nan ta huɗu da takwas cikin rawar take, kuma ita sababbi ke haɗiyewa, sai su tsere wa kiɗa. Bachata kuwa: hagu gefe, dama ta biyo, hagu gefe, sai dama ta ɗan taɓa ƙasa a bugu na huɗu ba tare da ta karɓi nauyi ba, sannan a koma ta dama haka nan. Wannan taɓawar ce ke ba ƙafar damar sake tashi.

Abu biyu za ka ji malami na nanatawa har ka gaji. Na farko, "rage taku". A salsa da bachata takun da ya wuce tsawon tafin ƙafarka ya yi yawa, kuma in kiɗa ya yi sauri ƙara rage shi ake yi. Na biyu, "ɗago kai". Mai kallon ƙasa kansa na rinjaya gaba, bayansa ya lanƙwashe, ya faɗa wa abokiyar rawarsa, kuma ido bai taɓa gyara ƙafa a kan lokaci ba. Ta tafin ƙafa ake sanin inda ƙafa take.

Gano bugu na ɗaya a cikin kiɗa aiki ne na kunne, ba na aji kaɗai ba. A wals da sauƙi, bugu ɗaya mai nauyi sai biyu marasa nauyi. A salsa ganguna da yawa ke magana lokaci guda. Fara da tafa hannu daidai da bugun, sannan ka lura da inda mawaƙi ko masu busa ke ɗauko sabon layi, galibi a kusa da nan ɗaya take. Ƙirga takwas daga wurin ka ga ko sabon layi zai sake faɗowa a kan ɗayarka. Za ka riƙa ɗaukar biyar a matsayin ɗaya na wani lokaci, kowa ya bi ta nan.

Riƙo

A rufaffen riƙo, irin na wals, jagora na ɗora tafin hannunsa na dama a kan allon kafaɗarta na hagu, ba a kugu ba. Ita ta ɗora hannunta na hagu a saman damtsensa. Hagunsa da damarta su haɗu a gefe, kusan daidai idon wanda ya fi gajarta a cikinsu. Kada ku tsaya hanci da hanci. Kowa ya ɗan gusa zuwa hagunsa, yadda ƙafarsa ta dama za ta kalli tsakanin ƙafafun ɗayan. Wannan 'yar gusawar ce ke hana gwiwoyi karo.

Ka tuna yadda mutum biyu ke ɗaukar tebur su fitar da shi ta ƙofa. Ba sai na gaba ya ce zan karkata ba, na baya yana ji ta jikin teburin. Hannuwanku su ne teburin. In sun yi laƙwas saƙo ba zai wuce ba, in sun sandare kokawa za a yi. Ana son ɗan ƙarfi kaɗan mai rai, gwiwar hannu a gaban jiki, kafaɗu a sauke. Kowa ya ɗauki nauyin hannunsa, kada mai bi ta rataye a damtsen jagora, minti uku na haka ya isa ya kashe masa kafaɗa.

Jagora, saƙo daga gangar jiki yake fita. In kana son ku tafi gaba, ƙirjinka ne zai fara tafiya, hannu ya isar kawai. Tura mutum da jan sa da ƙarfin damtse shi ne abin da masu bi suka fi ƙorafi a kai, sai kuma danna babban yatsa a bayan hannunsu. A buɗaɗɗen riƙo yatsu ne ke ɗan lanƙwashewa su sarƙe, yadda kowa zai iya zare hannunsa duk lokacin da ya so.

Mai bi, taki jarabawar ta fi ɓoyuwa. A aji kin ji malami ya faɗi abin da za a yi, don haka ƙafarki za ta so ta yi shi ko jagora ya ba da saƙo ko bai bayar ba. In kika yi haka kin cuci kanki kin cuce shi: shi zai ɗauka ya iya, ke kuma ranar da kika haɗu da wanda bai je ajinku ba za ki rasa abin yi. Ki riƙe lissafin ƙafarki, amma ki jira. In bai juya ki ba kada ki juya. Wasu malamai sukan sa masu bi su rufe ido na ɗan lokaci saboda wannan, kuma yana aiki.

Juyin farko da za a koya muku galibi na ƙarƙashin hannu ne zuwa dama. A salsa jagora na ɗaga hannunsa na hagu a bugu na uku, ita ta juya a biyar, shida, bakwai. Hannun ya tsaya dab da saman kanta, ya zana ƙaramin da'ira, kada a miƙe shi sama kamar ana son a ɗaga ta. Da ƙafarta take juyawa, hannu hanya kawai yake nunawa. Don rage jiri, ta kafa ido a kan abu guda, kamar fuskarsa ko kafaɗarsa, ta bar kai ya zama na ƙarshen barin wurin kuma na farkon dawowa.

"A canza!"

Bayan kowane 'yan mintoci malami zai ce a canza, ɓangare ɗaya ya matsa wurin mutum na gaba. Ka ce na gode, ka matsa, ka gaya wa sabon sunanka. In adadin bai yi daidai ba, wani zagayen zai same ka ba kowa a gabanka. Kada ka naɗe hannu, ɗaga su kamar akwai mutum ka ci gaba da takunka.

Ko da matarka ko mijinki kuka zo, shawarata ku shiga canjin. Mutum biyu da ke rawa da juna kaɗai sukan haddace kurakuran juna su riƙa rufa musu asiri, kuma da wanda aka saba ne ake saurin cewa "kai ne ka ɓata". Baƙo kuwa sai a yi masa murmushi a sake gwadawa. Amma in ba kwa son rawa da kowa sai junanku, ko akwai wanda ba ka son riƙewa saboda dalilinka, wannan haƙƙinka ne. Ku gaya wa malami kafin a fara, zai ajiye ku a gefen layi yadda zagayen zai riƙa tsallake ku.

Doka guda da ba a rubuta ta a bango: kada ka koyar da abokin rawarka. Kai ma jiya ka zo, kuma sau da yawa abin da kake gani kuskurensa ne daga hannunka ya taso. In abu ya ƙi, ɗaga hannu ka ce, "Malam, zo ka duba mu, akwai inda muke sarƙewa." Ka lura, "mu" aka ce. Inda ba a yin shiru shi ne ciwo. "Ɗan sassauta min hannu" ko "kafaɗata na ciwo, kada ka ɗaga sosai" magana ce da ake faɗa nan take. Wanda kuma ya kai hannu inda bai dace ba, a bar shi tsaye a sanar da malami.

Tsakanin aji da aji

Awa ɗaya a mako ba ta zaunar da abu a jiki. Minti goma kullum, kai kaɗai, da kiɗa, ya fi awa biyu ranar jajibirin aji. Takun tushe za ka yi ta yi har ka iya yin sa kana hira. Fara da waƙa mai tafiyar hankali, ka riƙa ƙirgawa da baki a fili. Da ka fito daga aji rubuta sunan abin da aka koya da bugun da ake ba da saƙonsa, don kafin ka isa gida rabi ya zube. Malamai da yawa sukan maimaita darasin a ƙarshe su bari a ɗauke su a waya. Nemi izini tukuna, kuma kada ka ɗauki sauran ɗalibai.

Fita dandali

Makarantu da yawa suna da lokacin gwaji bayan aji ko wani dare na rawa. Kada ka jira sai ka "iya". Bayan darasi uku ko huɗu je ka, ko da takun tushe da juyi ɗaya kawai kake da su. Sun isa waƙa guda, kuma masu bi da yawa sun fi son jagora mai abu biyu a kan kiɗa da mai abu goma a wajensa.

Kowa na iya gayyatar kowa. "Za mu taka wannan?" ya wadatar, kana iya ƙarawa da "sabon shiga ne ni". In an ce a'a, ka ce ba komai ka wuce, ba a neman dalili. In kai ne ka ce kana hutawa, to huta har waƙar ta ƙare, kada a gan ka da wani a tsakiyarta. Raye-rayen da ke tafiya, kamar wals da fokstirot da tango, suna zagaya zaure ne saɓanin hannun agogo, ba a komawa baya cikin layi kuma ba a tsayawa hira a hanya. Salsa da bachata da lindi hop a wuri ɗaya ake yin su, kowa ya tsare ɗan filinsa. Jagora ne mai duba bayan abokiyar rawarsa kafin ya tura ta wani wuri. In an yi karo a ba da haƙuri ko laifin wane ne. Ɗaga mutum sama ko kwantar da shi baya ba na ɗan koyo ba ne, ko ya gani a bidiyo sau nawa.

Wuraren tango suna da nasu tsarin. Ana sa waƙoƙi uku ko huɗu a jere, da mutum ɗaya ake yin su duka, sai a sa wani ɗan guntun kiɗa daban a watse. Gayyata kuma da ido ake yi daga nesa, a haɗa ido a gyaɗa kai. Kada ka ce "na gode" bayan waƙar farko, domin a can ma'anarta ka gama da mutumin.

Yaushe za ka wuce aji na gaba

Wajen mako na uku ko na huɗu mutane da yawa ke ɓacewa. Ɗokin farko ya lafa, kuma ido ya buɗe har mutum ya fara ganin kurakuran da da bai san yana yi ba, sai ya ji kamar baya yake komawa. Ci gaba da zuwa. In zangon ya ƙare kana jin ƙafarka ba ta zauna ba, maimaita shi. A zagaye na biyu, tunda ƙafa ta san hanya, kunnenka zai kama bayanin riƙo da nauyi da ya wuce ka a na farko. Darasin kai kaɗai da malami yana da amfani bayan wata biyu ko uku, lokacin da kake da takamaimiyar matsala da za ka kai masa, kamar jiri a juyi ko tsere wa kiɗa.

Kafin ka yi rajistar aji na gaba gwada kanka da waƙar da ba ka taɓa ji ba da mutumin da ba ɗan ajinku ba. Ka gano bugu na ɗaya da kanka, ka riƙe takun tushe daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta ba ka kalli ƙasa ba, kuma in kun ɓace a tsakiya ka dakata ka jira ɗaya ta zagayo ku sake tashi. In uku ɗin nan sun samu, tambayi malaminka ranar da aji na biyu ke farawa.